Minjirya a Falon Balarabe

A Sawakin, tashar jirgin ruwa ta ƙasar Sudan, na fara sanin cewa ba duk mai kiranka ɗan'uwa ne ɗan'uwa ba. Wata biyu muka yi, ni da wasu matafiya, a bakin tekun nan muna jiran wani dillalin jirgin ruwa, Bahaushe haifaffen Sudan, wanda kullum in ya zo sai ya dafa ƙirji ya ce ai kakansa ma Bakatsine ne. Ni kuwa da na ji an ambaci Katsina sai na saki jiki. Ranar da ya ga dama ya loda mu cikin wani kwale-kwale mai inji, aka tsallaka da mu, aka sauke mu a wani fako da ko tsuntsu babu. Matuƙin ya nuna mana wani tudun yashi ya ce Jidda tana bayansa. Kwana uku muka yi muna tafiya a ƙasa kafin mu ga hanyar mota. Da ba don wata tsohuwa mai kiwon awaki ba, wadda ta ba mu nono ba tare da ta tambayi ko su wane ne mu ba, da wasunmu ba su kai ba.

Sunana Lawal. Ni ɗan masunta ne daga wani ƙauye kusa da Zobe, a ƙasar Dutsin-Ma. Ubana ya kama kifi a gulbin Karaduwa tun kafin a yi tunanin datse shi, ni kuma na yi leburanci a aikin dam ɗin har na gaji, na ce bari in gwada sa'ata a Gabas. Abin da na riƙo daga gida sunan mutum ɗaya ne, Baba Audu, mutumin Kurfi, abokin ubana, wanda a da yake sarin busasshen kifi a hannunsa ranar kasuwar Dutsin-Ma. Ya fi shekara goma a Jidda yana gadin gidan wani attajiri. Saboda dattijon nan nake rubuta wannan labari, don ni na jefa ransa cikin haɗari, kuma da bakina na jefa shi, ba da hannuna ba.

Na sha wuya kafin in same shi. Na yi ta tambaya a unguwar da baƙaƙen fata suka fi yawa, wannan ya tura ni wurin wancan, har wani mai wankin mota ya raka ni ƙofar wani katafaren gida. Wani dattijo siriri mai farin gemu ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Samari, wa kake nema?"

"Baba Audu na Kurfi. Ni ɗan Mamman mai koma ne, na Zobe."

Ya kamo hannuna da hannu biyu. "Mamman shina nan da rai? Allahu akbar. Shigo, shigo, zamna. Kai, ga hancin ubanka nan ka ɗauko!"

Ranar nan ya fito da wata 'yar kuka da daddawa da yake ɓoyo a gwangwani, ya yi mana miya a kan risho. Loma ɗaya na yi hawaye suka zubo mini, na ce yaji ne. Ya shimfiɗa mini tabarma a ɗakinsa na bakin ƙofa, kuma daga ranar ya ɗauke ni ɗa. Ya ce mini shekara ɗaya ta rage masa ya koma Kurfi wurin matarsa, Inna Abu, don ya gaji da zaman ƙasar mutane.

Ba ni da takardar zama, saboda haka aikin cikin gida kawai zan iya. Aka yi dace, mai kula da kifin maigidan, wani mutumin Yaman, ya gudu ya bar aikin ba tare da ya faɗi dalili ba. Baba Audu ya kai ni gaban maigidan, ya ce masa da Larabci wai cikin kifi aka haife ni. Na ɗaga kafaɗa, don in dai kifi ne ban ga abin da za a nuna mini ba.

To, sai na ga kifin. Wani akwatin gilas ne a ƙarshen falo, tsawonsa ya kai gado, cike da ruwan teku da ake kawowa cikin jarkoki. Kifayen ciki wasu shuɗi, wasu rawaya, wasu masu zane kamar atamfa, kuma babu na ci ko ɗaya. Kallo kawai ake yi. Abin da ya fi ba ni haushi, ƙasar nan zafi ne da ita kamar tanda, sai suka sa na'urar sanyaya ɗaki har haƙoran mutum su riƙa haɗuwa, sa'an nan don kada kifin ya ji sanyi suka tsoma hita ta gilas a cikin ruwan. Ga fitila a sama, ga famfo mai juya ruwa, ga injin hura iska. Wayoyinsu duka sun sauko bayan akwatin sun shiga soket guda da ke yashe a ƙasa, gishiri ya yi masa fari fat. Ta gaba an shimfiɗa darduma mai kauri inda baƙi ke tsayawa kallo. Ta gefe da baya kuwa, inda nake tsayawa aiki, marmara ce tsirara, kullum a jiƙe.

Aikina shi ne in goge gilas ta ciki, in kwashe datti, in rage tsohon ruwa in ƙara sabo, in ba su abinci. Duk sai na tsoma hannu har kafaɗa. Kuma ba takalmi nake yi, don ba a shiga falon da takalmi. Ko ba a faɗa mini ba, ɗan da aka haifa a ƙasar Katsina ba zai taka ɗakin babba da takalmi ba.

A mako na biyu na tsoma hannu sai na ji wani zirr ya bi yatsuna ya hau gwiwar hannu. Na fizge. Na san wannan abin, ko in ce na zaci na san shi. Duk ɗan masunta ya san minjirya, kifin nan mai santsi da in ka taɓa shi a cikin komar kamun kifi sai ya girgiza ka har ka saki. Tun ina ƙarami take kama ni a Karaduwa. Lantarki kuwa, a ƙauyenmu babu shi, iyakata da shi in gan shi a kwan fitila in na shiga gari. Saboda haka ban ko dubi wayoyin nan ba. Na durƙusa na yi ta leƙen duwatsun cikin ruwan, har na hango wani mummunan kifi mai ɗigo-ɗigo da ke maƙale a rami ba ya fitowa. Na ce, "Kai ne ke nan." Rashin sani ya fi dare duhu.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma kowace Juma'a bayan an sauko, Katsinawan Jidda sukan taru a ƙofar wani tela a sha shayi a yi taɗin gida. Kowa yana da labari, ni baƙo ba ni da komai. Sai na ce ai a gidan da nake aiki akwai minjiryar teku, ta fi tamu ƙarfi sau goma, ita ta kori mutumin Yaman. Aka zaro ido. Wani ya ce to kai yaya kake yi? Na ce ubana ya dafa ni tun ina yaro, ya ba ni maganinta. Gaskiyar magana, ya taɓa ba ni wani jiƙon saiwa na sha, kamar yadda ake ba kowane ɗan masunta, kuma jiƙon bai taɓa hana minjirya kama ni ba. Amma da na ga ana saurarona sai na ƙara gishiri. Kafin wata ya ƙare sunana ya koma Lawal mai minjirya, ana ba ni kofin farko na shayi. Baba Audu ya fi kowa jin daɗi, duk wanda ya zo sai ya ce, "Ɗan abokina ne, gadon gidansu ne."

Abin kuwa ƙaruwa yake. Ranar da dutse ya yanke ni a yatsa, da na tsoma hannu sai da na ji shi har cikin haƙorana, na faɗi zaune a kan marmara, hannun ya yi sa'a guda kamar ba nawa ba. Ban gaya wa kowa ba. Mai magani ba ya kuka.

Wanda ya cece ni baƙo ne, ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba. Rudi sunansa, mutumin Filifin, ma'aikacin kantin da ke sayar wa maigidan kayan kifi. Lokaci-lokaci yakan zo ya duba famfo. Wata rana ya shigo ya tarar da ni tsaye cikin jiƙa, na naɗe hannun riga zan tsoma, ina cije leɓe don na san abin da ke jirana. Ya lura da cije leɓen nan. Ya tambaye ni da guntun Larabcinsa, na amsa da nawa guntun, na nuna masa kifi mai ɗigo, na kwatanta girgiza. Mutumin nan bai yi dariya ba. Ya ja ni baya ta wuyan riga, ya ciro wani ɗan sukundireba mai kwan fitila a ciki, irin wanda masu gyaran wuta ke kira testa, ya taɓa bakinsa a ruwan. Kwan ya kama ja.

Ya zare filogin hita, ya sake taɓawa, kwan bai kama ba. Ya jira ta huce, ya ciro ta, ya nuna mini wata tsaga siririya kamar gashi a jikin gilas ɗin, ruwa ya shiga ciki ya yi tsatsa. Ya ce, "Ba kifi ba. Wuta."

Na ce in wuta ce, me ya sa kifayen ba su mutu ba? Ya kai ni taga ya nuna mini tsuntsaye a kan wayar titi. Ya ce wuta hanyar ƙasa take nema. Kifi yana cikin gilas, bai taɓa ƙasa ba, ba ruwanta da shi. Ni kuwa hannuna a ruwa, ƙafata a jiƙaƙƙiyar marmara, ni ne hanyar, kuma ta ƙirjina take bi. Ya ce ruwan gishiri ya fi kowane ruwa ɗaukar wuta, kuma tsagar nan kullum buɗewa take, wata rana ba girgiza za ta yi ba, riƙewa za ta yi. Ya zauna ya koya mini abin da ya sani. Kada hannu ya shiga ruwa sai an zare kowane filogi, kuma da busasshen hannu. A ɗaga soket daga ƙasa a kafa shi a bango, a bar waya ta yi lanƙwasa ƙasa da shi, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga ƙasa maimakon ya shiga ciki. A riƙa goge gishirin da ke taruwa a wayoyi. Sa'an nan ya koma motarsa ya ɗauko nasa takalmin roba mai rufi, ya ajiye a gabana, ya ce kada in sake tsayawa nan babu shi.

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Amma kunyar ba ta kai takaicin da ya biyo baya ba.

Rudi ya yi wa maigidan bayani, ya ce a sake hita. Maigidan ya taso da jallabiyarsa, ya sa aka mayar da hitar aka kunna, ya tsaya ta gaba a kan busasshiyar dardumar nan mai kauri, ya tsoma yatsa ɗaya. Bai ji komai ba, yaya za a yi ya ji? Ya nuna kifayen suna ta iyo, ya yi dariya, ya ce 'yan kanti dai kullum da abin da suke so su sayar. Hitar nan da kansa ya sayo ta daga Turai, babu irinta a garin. Rudi ya roƙe shi ya zagayo ta baya ya taɓa. Maigidan ya ce shi ba ya shiga wurin bayi. Daga ranar ba a sake kiran Rudi gidan ba, ban kuma sake ganinsa ba, ko godiyar kirki ban yi masa ba.

Washegari na sa takalmin roba na shiga falo. Baba Audu ya hango ni ta ƙofa, ya yafuto ni da hannu, fuskarsa a ɗaure.

"Lawal, mi nike gani haka? Takalmi a ɗakin maigida? Haka Mamman ya koya maka?"

"Baba, ba raini ba ne. Wuta ce a ruwan nan. Lantarki ne, ba kifi ba. Takalmin shi ke tsare ni."

"Wace irin wuta cikin ruwa? Ruwa da ke kashe wuta? Kai da bakinka ka hwaɗi ma jama'a minjirya ce."

"Kuskure na yi, Baba. Kuma maganin ma da na ce, babu shi."

Ya ce, "Wani abu ka aikata maganin ya karye, shi ne kake jin kunyar hwaɗi? In haka ne ai sai a aika ma ubanka ya sake haɗo wani. Amma kada ka zubar mani da mutunci a gidan da na shekara goma ba a taɓa ganin aibina ba. Cire."

Na cire. Me zan ce? Mutumin da ya ba ni tabarma da abinci. Na so in kama shi in kai shi bayan akwatin in nuna masa, amma ba ni da testa, kuma in ce ya tsoma hannu ya ji da kansa, ai shi ne abin da nake gudu. Ko ya ji ma cewa zai yi kifin ne. Ranar Juma'a na gwada gyara maganar a wurin shayi. Aka bushe da dariya. Tela ya ce, "Minjirya ta fi ƙarfin mai minjirya, ya koma ɗora wa lantarki." Ƙaryar da na yi cikin minti biyar, na yi wata biyu ina ƙoƙarin kashe ta ta ƙi mutuwa. Magana zarar bunu ce.

Sai na koma dabara. In ba kowa a falo, in goge hannuna ya bushe, in zare filogi duka, in yi aikina da sauri, in mayar. Na yi makonni haka lafiya lau. Wata Juma'a na makara, ina cikin aiki na ji an fara kiran salla, Baba Audu yana ƙwala mini kira daga ƙofa. Na kwashe bokiti na fita a guje. Ban mayar da filogi ba. Daga masallaci muka wuce wurin shayi, sai la'asar sakaliya muka dawo. Babu iska a ruwan tun hantsi, kifi huɗu sun juya ciki sama, har da wani shuɗi da maigidan ya fi so.

Wannan laifina ne, ban musa ba. Maigidan ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Da ya gane zare filogi nake yi, ya kira kafinta aka yi wa soket ɗin akwati na katako aka sa kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu. Ni kuma ya ce kada gari ya waye ina gidansa. Baba Audu ya durƙusa yana ba da haƙuri, kuma don ya wanke kunyar da ɗan da ya kawo ya jawo, sai na ji ya ce shi zai riƙa kula da kifin da kansa, a kan aikin gadinsa.

A ɗakinsa, ina ɗaure 'yan kayana, na durƙusa a gabansa.

"Baba, don girman Allah kada ka sa hannu a ruwan nan. Ka ce ba ka iyawa."

"Na riga na ce ina iyawa."

"To ka sa takalmin. Ga shi nan na bar maka. In ba ka sa ba, ka tsaya ta gaba bisa darduma, ka sami sanda ka ɗaura tsumma ka riƙa gogewa da ita."

"In ɗiga mashi ruwan gishiri bisa darduma? Kai dai ba ka gajiya da jawo magana."

"Baba, kashe ka za ta yi! Kai ba yaro ba ne, zuciyarka ba irin tawa ba ce."

Ya yi murmushi, ya dafa kaina. "Lawal, ni na yi shekara ashirin ina sarin kifi. In ba ka tsokani kifi ba, ba shi tsokanarka. Ni ba ni kusantar raminshi, shi ke nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba shi hango shi. Tahi wurin tela ka kwana biyu, in maigida ya huce in sake yi maka magana."

Na fita ina kuka, ba na rabuwa ba, na takaici. Ka san abu, ka gan shi da idonka, ka faɗa da Hausa, harshen da aka haife ku da shi ku biyu, a ƙi ji, kuma kai ne ka toshe kunnen da kanka. Na ƙudura a raina zan nemo kantin su Rudi in roƙi aron testa, in komo in nuna wa Baba kwan nan yana kamawa. Wannan kaɗai nake ganin zai karɓa.

Ban kai ba. Kwana uku da barina gidan, ina tafe a bakin titi ina tambayar kantin, motar 'yan sanda ta tsaya. Aka ce takarda, babu. Aka kai ni inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Na yi makonni a can cikin ɗaruruwan mutane, kowa da abin da ke damunsa, wannan kayansa, wancan iyalinsa. Ni duk wanda na ji za a sake shi sai in bi shi ina roƙo ya je gida kaza ya gaya wa mai gadi ya sa takalmi. Suka ɗauka taɓuwa na yi. Wani Bazazzagi mai kirki ya raba bargonsa da ni, ya ce in yi ta salati abin zai wuce.

Jirgi ya sauke mu a Kano da kayan jikinmu. Na hau motar kaya zuwa Dutsin-Ma. Ubana bai yi mini faɗa ba, ya ce tun da na dawo da raina an gode Allah. Da na ba shi labari ya girgiza kai ya ce, "Minjirya a ruwan gishiri? Ai da ka tambaye ni." Nan kaɗai na sami wanda ya yarda da ni, a inda yardar ba ta da amfani.

Baba Audu ba ya karatun boko, wasiƙa kuma sai an karanta masa, mai karantawar ma cikin 'yan shayin nan ne da za su mayar da ita abin dariya. A lokacin kaset ake aikawa. Ranar kasuwa na kai ubana rumfar wani mai gyaran rediyo, muka sayi kaset sabo. Na ce shi zai yi magana, don Baba zai ji ta abokinsa in bai ji tawa ba. Ubana bai taɓa magana da inji ba, ya yi ta gyaran murya, sa'an nan ya yi sallama kamar Audun yana gabansa. Ya ce, "Audu, ni ne Mamman. Na rantse maka da Allah ban ba yaron nan wani maganin da ke hana minjirya kamu ba, kuma babu minjirya a teku irin wadda ya hwaɗi. Ka ji maganatai ta biyu, ka bar ta farko. Ka hidda hannunka daga ruwan nan ka taho gida, Abu na jiranka." Mai rediyon ma da ya ji, ya karɓi abin magana ya ƙara nasa bayanin a kan wuta da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Muka cika fuska ɗaya.

Sai neman wanda zai kai. Babu mai tafiya sai lokacin aikin hajji, wata uku nan gaba. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ina cigiya ko akwai mai zuwa umara, babu. Wata ukun nan ban san daɗin abinci ba. Daga ƙarshe na damƙa kaset ɗin a hannun wani maƙwabcinmu, Alhaji Isa, na kwatanta masa gidan har sau uku, na sa ya maimaita.

Da alhazai suka dawo na je yi masa barka. Ya bari mutane suka ragu, ya jawo ni gefe, ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini kaset ɗin, yadda na naɗe shi a leda haka yake.

"Lawal, sai haƙuri. Na je gidan. Mako biyu kahin in isa Allah ya yi mashi rasuwa. Da hantsi aka tarar da shi kwance bayan akwatin kihin, hannun riga a naɗe. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Amma mutanenmu na can duk sun ce kihin nan ne naka."

Washegari muka tafi Kurfi ta'aziyya, ni da ubana. Labari ya riga mu isa, ta bakin wasu alhazan. Bayan mun yi addu'a da maza a zaure, aka ce Inna Abu tana son magana da ni. Tana cikin takaba, sai na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, ita tana ciki bayan asabari. Na yi mata gaisuwa, ta amsa a hankali.

"Kai ne Lawal? Shina yawan ambatonka cikin kaset. Ya ce ya samu ɗa a can."

Na ce ni ne.

"Abu guda nike so in tambaye ka, ba don rigima ba. An ce kai kana da maganin kihin nan. Da za ka taho, mi ya hana ka bar mashi ko kaɗan?"

Na ce, "Inna, babu magani. Babu ma kifin. Ni na ƙirƙiri maganar don a saurare ni a wurin shayi. Wutar lantarki ce ke zuba a ruwan, na gano daga baya, na faɗa masa, ya ƙi yarda saboda ƙaryar da na fara yi. Laifina ke nan, shi nake so ki sani."

Na ba ta labarin duka, tun daga hita har kwaɗon da aka sa wa soket. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta yi ajiyar zuciya.

"Allah sarki. Ɗana, ba sai ka wahalar da kanka da wanga dogon zance ba. Na san abin gado ba a ba da shi haka nan, ko an so. Kwanansa ne ya ƙare. Rowar maganin da ka yi mashi, ni na yahe maka duniya da lahira. Tashi ka tahi, Allah shi yi maka albarka."

Ta yafe mini laifin da ban yi ba. Wanda na yi kuwa, har yau ban sami wanda zai yarda na yi shi a gidan nan ba, balle a yafe mini.